Akwati a Tagar Surukata

Gidanmu a Gure cikin kwari yake, tudun rairayi ya tokare mana gabas. Ruwan rijiya ba ya yi mana wuya, amma rezo, wato sabis ɗin waya, sai an yi farautarsa. Shekarar da na sayo ordinatar, wato kwamfuta, daga Damagaram, irin babbar nan ta kan tebur, don shirya darussan ɗalibaina na kolej, ko kaɗan ban kawo wannan a raina ba. Na girka ta a ɗakina, na goge ta tas, na zauna ina sha'awarta. Sai maiɗakina ta leƙo ta tambaye ni ta ina intanet ɗin zai shigo. Wallahi haushi ya kama ni, don tambayar gaskiya ce.

Jan waya kam babu zancensa. Layi bai iso unguwarmu ba, kuma awakin gidan nan ko igiyar shanya ba su bari ba, balle wata waya ta ratsa tsakar gida. Dole sai ta iska. Na yi ta zagaya gida da salula a ɗage sama, daga zaure zuwa madafa har turken awaki, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Wuri ɗaya tak rezo ya cika, ƴar tagar ɗakin surukata.

Surukata, mahaifiyar maiɗakina, ta dawo wurinmu daga Gidigir bayan ta fita takabar mijinta. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, a durƙushe, ido a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, Mushe take ce mini kamar yadda ƴan lakol suke kiran malaminsu. Haka aka rene mu, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Sai dai zaman bai yi mata daɗi ba. Matar da ta saba da sussuka da tatsa, mu kuma don girmamawa muka raba ta da kome. Ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta taɓa turmi a ce ta huta. Har ta aika wa ɗanta da ke Gidigir cewa ya zo ya ɗauke ta bayan kaka. Gidan can kuwa ba mai dafa mata, ga ciwon gwiwa. Maiɗakina kan yi kukanta a madafa ta ce hayaƙi ne. Ni ma ba na son tafiyar, amma suruki ba ya musu da suruka.

Ana cikin haka na je wurin wani mai shagon salula a kasuwa. Ya fara nuna mini kile, ɗan abu kamar yatsa, a sa masa pus, wato katin sim, a soka a jikin ordinatar. Shi ya fi kwanta mini, ba tarkace. Sai ya ce amma fa kile inda ordinatar take nan yake jin rezo. Wato in kinkimi tebur in kai ɗakin surukata, in miƙe ƙafa a gaban gadonta ina danne-danne. Na ce masa Allah ya kiyaye. Ya yi dariya har da riƙe ciki, na ji kamar in bar masa shagon.

Ya ce to, in raba intanet daga salulata, a ajiye ta a tagar, ordinatar ta riƙa kamawa daga nesa da wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino da ake maƙala mata a baya. Na gwada. Maiɗakina ce mai kaiwa da ɗaukowa. Ran nan ta tafi kasuwa, salula ta kama ruri a kan tsohuwa tana tsakiyar sallar azahar, ni kuma ina tsaye a rana kamar an dasa ni, ba damar shiga. Salula ta yi ta yi har ta gaji. Ashe direktan kolej ne yake nemana. A ranar na koma shagon da zafina.

Abin da na dawo da shi wani ɗan farin akwati ne mai cin pus, ya kamo rezo ya watsa cikin gida. Dabarata ita ce a ɗora shi a tagar, shi ke nan, ba ni ba ɗakin. Da maiɗakina ta nemi izini, sai tsohuwar ta ce ai ɗaki namu ne, ita baƙuwa ce. Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai.

To, akwatin yana da hali. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya dawo, ko zafi ya yi masa yawa, sai ƴar fitilarsa ta juya daga kore zuwa ja, sai an kashe an kunna. Karon farko da ya yi haka ba kowa a gida sai ni da ita, ga darasi rabi a kan allo. Na je bakin ƙofa na yi sallama, na yi gyaran murya, na fuskanci bango.

"Inna, don Allah akwai ɗan maɓalli a bayan akwatin nan. A danna, a ɗan jira, a sake dannawa."

Na ji motsin tashinta. Can ta ce, "Ya yi kore, Mushe."

Tun daga ranar akwati ya zama nata. Ta saƙa masa ƴar rumfa ta kaba don rana. Ta lura da la'asar ya fi son a karkata shi hagu. Kafin ma in gane ya tsaya, sai in jiyo muryarta tana cewa ya yi ja, in dakata. Ko maiɗakina ba ta yarda ta taɓa shi, wai hannunta da nauyi. Sannu a hankali ta fara tambayata me nake ɗebowa haka ta iska, ko abin zai iya faɗa mata an yi ruwa a Gidigir. Na kan shimfiɗa tabarma a gindin tagar ta waje, ita tana ciki, mu yi ta hira ba wanda ya ga fuskar wani. Kunyarmu tana nan yadda take, hira ce kawai ta ƙaru, kuma na ji daɗin haka.

Kusan kaka mai shagon ya tare ni a hanya, ya ce an kawo wani dogon ƙarfe da ake kafawa a kan rufi, ya zarce tudu, akwati ya dawo ɗakina, intanet ya riƙa gudu. Ba ƙarya ya yi ba, na gani a gidan wani abokin aikina. Kuma raina ya biya, don namu akwatin wani lokaci sai a dafa shayi a shanye bai gama sauke darasi ɗaya ba. Na ce masa zan yi shawara. Ban koma ba, ban kuma gaya wa kowa a gida ba.

Da aka gama yankan gero ɗanta ya zo. Ya shiga wurinta, ni ina tsakar gida ina gyara igiyar guga wadda ba abin da ya same ta. Maiɗakina ta tsaya cak a ƙofar madafa. Ya ce wa uwarsa mota za ta tashi da hantsi, ta haɗa kayanta. Sai na jiyo muryar tsohuwar.

"Ka gaida mutanen gida," in ji ta. "In na tafi, wa zai duba wa Mushe akwatinsa? Ƴar'uwarka ba ta san halinsa ba."

Maiɗakina ta shige madafa da sauri. Hayaƙi kuma, na sani.

Da la'asar na shimfiɗa tabarmata a gindin taga. Muka gaisa. Sai ta ce matar mai shagon ta zo barka a maƙwabta, ta ji zancen wani dogon ƙarfe da ake kafawa a kan rufi. Kunya ta rufe ni.

"Ba ma bukatarsa, ko, Mushe?"

"Ba ma bukatarsa, Inna."

"To, tashi ka yi aikinka. Ya yi kore."