Ranar da Na Karɓo Cikin Motar Kaka

Wata Laraba ce a watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da jif ɗin Baba a ƙofar gida, shanun noma biyu sun jawo ta, caɓi har gilashi. Inna na tsaye bakin ɗakin banda. Kwanduna ne cike da kifinta da na matan unguwa, ga damina, ga ruwan tafki ya ja baya har jirgi ba ya iya matsowa bakin garinmu. Motar Baba kaɗai ke ratsa fadamar da ta raba mu da titin Warra. In kifin nan bai kai kasuwar Yelwa a makon ba, fumfuna da tsutsa ne za su ci wahalar matan nan.

Baba Yohanna, makaniken da aka ɗauko daga Warra, ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai. Ya ce ogzilari ne, ƙaramin akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Haƙoransa sun cinye, ƙafafun gaba sun daina ja, kuma an daɗe da daina sayar da irinsa. Sai kowa ya waiwaya gindin mangwaro.

A can motar Kaka take, irin ta Baba sak. Injinta ya buga tun ban san kaina ba, amma kullum sai tsohon nan ya goge ta, ya shiga ya zauna yana jin rediyo. Kaji ma ba sa kusantarta, balle mu da muke langa da 'yar gala-gala a gefenta. "Hutawa takai," haka yake ce wa duk wanda ya kira ta akwala. Ga shi Baba ɗan fari ne. Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, ba sa zama tabarma ɗaya, magana ma sai ta bakin wani. Baba ya gwammace ya ɗauki kifin a ka da ya buɗe baki ya roƙi mahaifinsa abin da ya fi so.

Ni kuwa jika ce, ba ruwana da wannan kunyar. Tun ina goye Kaka ke tsokanata da amarya, ni ma ba na raga masa. Na je na buga ƙofar motar na ce, "Kai tsoho, wane irin miji ne kai? Ka aje mota kana kallo, amaryarka za ta kwan da yunwa. Ka ba mu cikinta, ko in bar ka." Ya daɗe yana dubana, yana shafa sitiyari, har na fara jin tsoro. Can ya ce, "Ce ma Yohanna shi taho. Amma ni ka kwance ta da hannuna."

Washegari aka shimfiɗa buhu a tsakar gida, aka buɗe akwatunan biyu. Na Kaka ya tsage a gefe, amma giyoyin ciki suna kwance cikin baƙin mai, haƙoransu lafiya lau. Na Baba jikinsa garau, cikinsa ya zama gari. Sai aka haɗa ɗaya daga biyun. An wanke ƙarafan da kananzir a tasar wankin Inna, tana mita, Baba Yohanna ya yanko gasket mai hana yoyon mai daga kwalin sabulu, Kaka kuma ya riƙa jera boris da giya yana juya su da yatsa, kunnensa a kusa, har sai da suka daina ƙara.

Da hantsin Juma'a aka loda kifi. Rabin gari ya bi mu a ƙafa zuwa bakin fadama. A nan Baba ya tsaya, ya sauko, ya bar ƙofar direba a buɗe ya koma gefe. Kaka ya gyara hula ya shiga, ni ina kusa da shi. Ya ja ƙaramin sandan giya, motar ta yi gurnani, ƙafafu huɗu suka kama ƙasa tare. Caɓi na tashi sama, mata na guɗa, muka fita ɗaya gefen ba mu tsaya ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Da Baba ya iso yana haki, Kaka ya sauko ya dafa kafaɗarsa, a gaban kowa.

Yanzu motar da nake hawa maɓalli ake dannawa, in wani abu ya lalace a cire a yar, a ɗaura sabo. Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, kaburburansu kusa da juna. Sau ɗaya na ga hannun nan a kafaɗar nan, kuma ya ishe ni.