Zinariya Mai Hoto da Masu Leƙe

Duk wanda ya yi biki a Sandamu a shekarun da aka fara shari'a ya san Zinariya mai hoto, ko bai gan ta ba ya ji muryarta ta kan katanga. Mijinta Sabiru ne mai sana'ar tun asali. Da aka daina barin maza shiga taron mata, sai ya rataya mata kyamara a wuya, ya nuna mata inda ake dannawa. Kafin shekara ta zagayo ta fi shi ciniki, ta kuma fi shi faɗa. Ni maƙwabciyarta ce, ɗinki nake yi, kuma na sha jin ƙorafinta har na haddace.

Abin da ke ƙona mata rai ba kaɗan ba ne. Mace tana ta ƙyaƙyata dariya, da an ce za a ɗauka sai ta ɗaure fuska kamar an kawo mata sammaci. Wata ta aro agogo, sai ta dafe haɓa don a gan shi, hoton ya tashi na agogo. Wata kuwa idan takalminta bai fito ba dawo da hoton take yi, wai an yanke mata ƙafa. Ga shi lokacin fim ne, sai Sabiru ya kai Daura an wanko sannan a ga ɓarnar.

Amma babu waɗanda ta tsana kamar masu leƙe. A zaunar da amarya, a gyara mata mayafi, a ɗauka, sai an wanko a tarar da rabin kan wata daga bayan labule, baki buɗe. Shi ya sa kafin ta danna sai ta yi shela:

"Duk wadda ta leƙo mini hoto, wallahi da kunnenta zan fita."

Kuma sai sun leƙo. Mutanenmu ba su iya ganin kyamara su kau da kai.

A bikin Barakatu ne na ga abin da ban taɓa zato ba. Barakatu malamar firamare ce, ta auri wani ɗan kasuwa da ke zaune a Agadas, kuma washegarin ɗaurin aure za su wuce. Ni na ɗinka mata kaya, ina wurin ta jawo Zinariya gefe.

"Yaya Zinariya, abu ɗaya nake so," in ji ta. "Hotona ni da Inna. Ban san ranar da zan dawo ba, kuma ba ni da ko ɗaya nata."

Abin da wuya, domin Barakatu 'yar fari ce. Mahaifiyarta Inna Kulu tana kunyarta irin ta mutanen da: ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan yarinyar", kuma ba ta haɗa ido da ita gaban mutane. Zinariya ta je ta durƙusa ta roƙa. Inna Kulu ta harare ta.

"Ke Zinariya, ki fita idona. Ni da wa zan tsaya?"

Ta shige madafa ta saki asabarin ƙofa. Barakatu ta sunkuyar da kai, na ga hawaye na neman ɓata mata kwalli, ni ma sai da zuciyata ta karye.

Zinariya ta yi tsaye tana kallon madafar. Asabarin yana ɗan motsi, alhali babu iska. Can sai ta ce hasken tsakar gida bai yi mata ba, a mayar da kujerar amarya bakin madafa. Aka mayar. Ta kori kowa gefe, ta yi shelarta ta kullum da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Sannan ta sa ido a kyamara ta ƙi dannawa, ita da ba ta jure ɓata lokaci.

"Ikon Allah," in ji ta, yadda har maƙwabta za su ji. "Tun da nake ɗaukar amare ban ga wadda lalle ya kama kamar wannan ba. Jama'a ku dubi goshi, sak na uwarta."

Asabarin ya ɗaga a hankali. Fitilar kyamara ta haska.

"Wace ce wannan ta leƙo mini hoto?" Zinariya ta ce, tana danne dariya. Daga cikin madafa sai ƙarar muciya.

Da yamma Sabiru ya hau babur ya kai fim ɗin Daura, da safe kafin a ɗora kaya a mota hoton ya iso. Ga Barakatu a zaune, ga kan Inna Kulu a saman kafaɗarta, tana kallon 'yarta da irin kallon da ta shekara talatin tana ɓoyewa. Barakatu ta daɗe tana dubawa. Ba ta yarda an sa shi a akwati ba, a hannunta ta shiga mota da shi.

Zinariya ba ta sauya hali ba, har yau tana korar masu leƙe. Amma bayan mako guda da bikin, muna zaune ni da ita ina ɗinki, sai ga Inna Kulu ta yi sallama. Ta gaisa, ta yi zancen tsadar gero, ta yi na zafi, sai da ta miƙe za ta tafi sannan ta ce, tana kallon bango:

"Hoton nan da kika ɓata, a wanko mini ɗaya. An ce asabarina ya fito da kyau."