Tsohon Da Ya Ce Mini Sannu

Aikina na farko a Amurka shi ne jinyar wani tsoho baƙar fata a gidansa da ke garin Clinton. Ya haura casa'in, ƙafarsa ta hagu kuma babu ita daga gwiwa. Na ɗauka ciwon suga ne, ban taɓa tambaya ba. 'Yarsa ta gaya mini ba ya son surutu, ni ma sai na kama bakina.

Wata safiya ina dama masa kunun alkama, mahaifina ya bugo daga Kano. Muka gaisa da Hausa, na ajiye wayar. Sai na ji daga bayana an ce, "Sannu. Yaya jiki?"

Cokalin ya suɓuce mini. Na waiwaya, babu kowa sai shi a kan kekensa na guragu. Na ce, "Baba, a ina ka ji Hausa?"

Da Turanci ya amsa. Ya ce a yaƙin duniya na biyu babbar mota ya tuƙa a duwatsun ƙasar Bama, can nahiyar Asiya, shi da yayansa. Motar ta rufta cikin kwazazzabo, yayan ya mutu a gefensa, shi kuma aka yanke masa ƙafa. A asibitin soja gadonsa na kusa da na wani sojan Najeriya mai tsage a kumatu. Kullum da safe mutumin nan sai ya juyo ya faɗa masa kalmomin. Ranar da bai faɗa ba, aka lulluɓe shi aka fitar.

"Me yake nufi?" ya tambaye ni.

Shekaru sama da saba'in yana riƙe da su bai san ma'anarsu ba! Na fassara masa. Sannan ya ce da ya dawo Washington, da kakinsa da sandunansa, ya shiga wani gidan abinci aka nuna masa ƙofa saboda launin fatarsa. 'Yarsa ta shigo ban lura ba, tana tsaye riƙe da makullin mota, ashe ita ma ranar ta fara jin wannan.

Da na tashi aiki na kira mahaifina na ba shi labari. Ya yi salati, ya ce, "Kin tuna tsohon bakin layinmu, wanda kuke bi kuna kwaikwayon faretinsa?"

Na ce na tuna, ai mahaukaci muke ce masa.

"To, shi ma daga Bama ya dawo haka."

Na zauna cikin mota a ƙofar gidanmu a Hyattsville, na kasa fitowa har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa gilashi.