Ranar da Taubashiyata Ta Gaishe Ni

Ni da lakkwal a sankiyam munka rabu, aji biyu na kwalej ke nan. Ba faɗa munka yi ba. Mushe, malaminmu, ya duba sakamakona, ni ma na duba, kowa ya gane. Daga nan na kafa rumfar cajin waya gefen tasha, nan Filinge, ƙasar Kurfai: fano biyu na sola bisa rufi suna shan rana, batir guda, da igiyoyi a cukurkuɗe kamar hanjin akuya. Ranar kasuwa mutanen Tabla da na Sanam su zube wayoyinsu, in liƙa ma kowace lamba, su tahi su dawo. Sauran ranakku ni da ƙudaje ne. Abokaina duk sun tahi bida, neman kuɗi, wasu Kwatano, wasu arewa. Wanda ya zo rumfar magana biyu gare shi: "Ta cika?" da "Miƙo."

Ɗiyar kawuna ce ta kawo mini angile, wato Ingilishi, har wurin aiki. Taubashiyata ce, ubanta da uwata ciki ɗaya. Ita ɗiyar namiji, ni ɗan mace, don haka a al'adarmu wai ni bawanta ne. Duk abin da bakinta ya ɗauko tana iya yaɓa mini gaban jama'a, babu mai cewa ta yi laifi, ni ma in rama. Tun muna yara ba ta taɓa gaishe ni ba. Gaisuwarta ita ce, "Bawa, yau ma ruwa bai gan ka ba?" Ni kuma in ce, "Uwar ɗakin da ba ta da ko kaza, an fito?" In dai mun yi haka, to, lafiya lau muke.

Shekarar da za ta yi jarrabawar bak, wadda ake ci a shiga jami'a, gidansu ya yi mata hayaniya, sai ta riƙa zuwa rumfata bayan la'asar da wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. Shafi uku na ciki kalmomin angile ne zalla, na lakkwal da jami'a da cika buri, kowace da faransancinta a gefe. Tana son wanda zai riƙe kayen ya faɗi faransancin, ita ta ba da angilen da ka.

"Riƙe nan," ta ce. "Ka dai iya karanta faransanci ko? Ko shi ma ka maida ma mushe kayanshi ranar da anka kore ka?"

"Ba a kore ni ba. Ni na ga kujerar ta yi mini kaɗan."

"Kanka ne bai shiga ƙofar aji ba. Karanta."

Haka munka yi wata biyu. In faɗi, ta amsa, in duba ko baƙaƙen sun yi kama da abin da ta ce. In ta kuskure in buga tebur in ce, "Zero! Koma gida ki daka gero." In ta ci, ta ce in tashi in yi mata fifita. Ban san kalmomin suna shiga kaina ba. Wata rana na tambaye ta yadda ake ce ma burs, kuɗin nan da ake ba ɗalibi ya yi karatu. Ta shiga duban rufi, tana taunar bik ɗin rubutunta. Kayen a rufe yake bisa cinyata. Sai na ji bakina ya ce, "Sikolashif."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta tafa hannu ta fashe da dariya har mai shayin gefena ya leƙo.

"Jama'a ku zo ku gani, jakin Kurfai ya yi angile!"

Ta ƙwace kayen ta riƙa tambayata ita. Na ba ta digiri, na ba ta lakca, na ba ta laburare. Ta share hawayen dariya ta ce, "Ashe akwai ƙwaƙwalwa cikin tulun nan. Sabuwa fil ce ma, ba a taɓa aiki da ita ba." Wallahi har yau babu wanda ya taɓa faɗa mini magana mai daɗin wannan.

Ta ci bak. Anka ba ta wuri jami'a a Yamai, sashen angile. Ranar tahiya ta jefo mini kayen ta tagar mota ta ce, "Gadon bawa. Kada ka naɗe tsire da shi."

Sai rumfar ta koma yadda take. Bayan la'asar in tarar na share benci ba tare da na yi niyya ba. Na buɗe kayen na ci gaba ni kaɗai, in rufe gefe guda da tafin hannu, in tambayi kaina, in ba kaina zero. Kalmomin kuwa ba su da wurin zuwa a Filinge. Wa zan ce ma ɗakin kwanan ɗalibai da angile? Wa zan ce ma buri, ko nasara, ko ranar bikin gama karatu? Sai na raba ma wayoyi. Wadda ta cika in ce ta karɓi digiri. Wadda batirinta ya mutu in ce ta faɗi jarrabawa, sai ta maimaita aji. Wani tsoho daga Baleyara ya same ni ina yi ma wayarshi lakca, ya karɓi abinshi a hankali, ya yi mini addu'ar samun sauƙi.

Ba don in je jami'a nake yi ba, na san tsawon ƙafata. So nake ranar da ta dawo in zuba mata shafi ukun nan daga sama har ƙasa, ta riƙe ciki ta ce jaki ya ƙara aji. Har na tanadi abin da zan rama da shi. Wata tara ina gyara zagin nan kamar mai wasa wuƙa.

Da bakansi, babban hutu, ta dawo. Kwana biyu ba ta zo ba, na ce gajiya ce. Rana ta uku ina kwance igiyoyi na ji sallama, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Na ɗaga kai, ita ce.

"Ina wuni, yaya. Ina gajiya? Yaya aiki?"

Na waiga bayana in ga ko wani babba ne tsaye. Babu kowa.

"Ke, wa ya rasu?"

"Babu kowa. Gaishe ka nake."

"Yamai ba su ba ku abinci ne? Kin dawo kamar karan gero bayan girbi."

Wannan ne na tanada. Da can da ta ce gara kara da turmi. Sai ta yi murmushi kawai, ta gyara mayafi, ta zauna can ƙarshen benci. Na ga idonta ya bi igiyoyin, ya bi batirin da na ɗaure da roba, ya sauka kan silifata, sannan ta yi sauri ta kau da shi.

Na ce to bari in fito da babbar. Na miƙe tsaye, na harɗe hannu a ƙirji kamar ɗan firamare, na fara. Shafi uku, ban tsallake ko guda ba. Mai shayi ya bar tukunyarshi ya zo kallo. Da na kai ƙarshe na tsaya ina haki, ina jira.

"Wallahi ka yi ƙoƙari, yaya," ta ce. "Allah shi ƙara basira."

Da irin muryar da ake gaida marar lafiya ta faɗe shi. Sannan ta shiga gaya mini akwai darasin yamma da ake yi ma waɗanda sunka bar lakkwal, mutum na iya zana birbe, jarrabawar gama kwalej, ko ba ya aji, wai lokaci bai ƙure mini ba, za ta tambayo mini. Duk gaskiya ta faɗi. Ni dai ina kallon bakinta ne. A nan na gane: mutum ba ya zagin taubashin da yake jin tausayinshi.

"Ke," na ce, ina dariyar da ba ta kai ciki ba, "ki zage ni mana. Ko sau ɗaya."

"Haba yaya. Ai mun girma."

Da ta koma Yamai na gwada dabara ta ƙarshe. Na ɗauki muryata a waya ina karanta kalmomin, amma da gangan na hargitsa su. Na ce laburare wurin cin abinci ne, na ce lakca ita ce hutun ƙarshen shekara, na ba digiri ma'anar mai gadin ƙofa. Kuskuren da ko akuya ta ji sai ta yi magana. Na tura mata, na zauna.

Washegari da hantsi amsa ta zo, doguwa. Ta fara da gaisuwa. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa a hankali, tana maimaita kowace sau biyu don in ji da kyau. Ta ce kada in damu, kowa na mantuwa, kada in karaya. Na saurara har ƙarshe. Na sake saurara, ko akwai wurin da dariya ta kusa ƙwace mata. Babu.

Na danna wayar na kai baki. Zagi uku sunka zo mini, masu kyau, na haɗiye su.

"Na gode, malama," na ce. "Allah shi saka da alheri."

Ba a jima ba ta rubuto: "Ba komai, yaya."