Man Shanu a Izga

Ni 'yar gidan malamai ce a Limawa, kuma da ƙafata na auri mai goge. Bazawara ce ni a lokacin, ba wanda ya isa ya zaɓa mini miji. Mahaifina bai hana ba, amma daga ranar bai ƙara taka zauren gidana ba. Shekara huɗu ke nan ko biyar da shigowar Nasara, mutane na ta cewa duniya ta zo ƙarshe. Ni dai ban ga alama ba, don na sami mutum mai haƙuri, wanda in ya yi dariya har kunnuwansa motsi suke yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai game da shi, wato dauɗar kayan sana'arsa. Shi gogen ba laifi, ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa kuma gashin wutsiyar doki. Amma izgar, ɗan bakan nan da ake goga wa tsirkiya, ita ma gashin doki ce, ta yi baƙi ƙirin wajen mariƙi, tana danƙo, ƙura ta manne mata. Kullum kafin ya fara kiɗa sai ya goga ta a jikin wani dunƙulen ƙaro da ya narka ya liƙa a bayan ƙwaryar, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har wani farin gari ya tashi. A ganina dauɗa yake ƙara mata. Ban taɓa tambayarsa amfanin abin ba. Girman kai ne ya hana ni, wai ni 'yar malam ina ruwana da sanin kayan goge.

Da damina ta yi tsakiya sai ga saƙo daga Garki. Tsohon da ya koya wa maigidana goge, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, yana kwance ba lafiya, kuma ya ce a zo masa da goge, a zo da amarya ya sa mata albarka. Maigida ya zauna a bakin ƙofa. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Tsohon yana da wani take nasa na kansa, da ya gada daga wanda ya koya masa. Ya koya wa maigida shi tun da daɗewa, amma a gidansu ba a kaɗa shi a gaban kowa sai mai shi ya ji da kunnensa ya ce ya yi, ya sallama maka. In bai sallama ba har ya mutu, to taken ya bi shi ke nan.

"Sau biyu ina kaɗa masa yana cewa da saura," in ji maigida. "Wannan karon in Allah ya so zai ce ya yi."

Washegari ya tafi gona don ya danƙa wa ƙanensa noman. Ni kuwa na dubi izgar nan a rataye, na ce wallahi ba za a kai wannan ƙazanta gaban babban mutum ba, a ce yana da mata a gida. Na sauko da ita, na dama sabulun salo, na wanke ta tas, na tsefe gashin da yatsuna. Da ta sha iska sai ta fito fara sol, amma a bushe kamar tsintsiya. To wace mace ce za ta wanke gashi ta bar shi a bushe? Na ɗauko man shanun da nake kitso da shi, na lakato, na shafa mata tun daga sama har ƙasa, na murza har ya shiga. Ta yi laushi tana ƙyalli. Na naɗe ta a tsumma na tura cikin jakar fata tare da gogen, na ɗaure. Ban gaya masa ba, so nake ya buɗe ya gani a gaban mutane ya san ya yi aure.

Kwana huɗu muka yi a hanya. Da mun bi babbar hanya da ba mu kai haka ba, amma a lokacin ana tare maza a ɗora musu kayan Bature, sai muka riƙa ratsewa ta ƙauyuka da gonaki. Ruwa kuma kusan kullum. Maigida bai kwance jakar ba ko sau ɗaya, don danshi yana sa fatar goge ta saki.

Da hantsi muka isa. Tsohon yana kwance a kan tabarma a ɗan ɗakinsa, idonsa ya daɗe da tafiya, ƙanwarsa, ita ma tsohuwa, tana kula da shi. Ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, amma hankalinsa garau. Na durƙusa na gaishe shi, ya laluba kaina ya sa mini albarka. Bai bari mun sha ruwa ba ya ce, "Yaro, kwance jakar nan, ba ni da lokaci."

Maigida ya fito da gogen, ya ɗaure tsirkiya, ya warware izgar. Na ga ya dube ta, ya dube ni. Ni kuwa har ina sunkuyar da kai ina murmushi. Ya goga ta a jikin ƙaro, sai ta zame, garin bai tashi ba. Ya ɗora ta a kan tsirkiya ya ja. Ba abin da ya fito sai wani huci, fuu. Ya sake ja da ƙarfi. Fuu.

"Miƙo ta nan," in ji tsohon.

Ya shafa gashin da babban yatsa, ya kai hancinsa ya sansana. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har ƙanwarsa ta tallafo shi.

"Man shanu ne," ya ce. "'Yata, aikinki ne?"

"Ni ce, Baba. Na ga ta yi dauɗa ne."

"To ai dauɗar ce ke magana. Ƙaron nan shi ke sa gashi ya kama gashi. In ba shi, sai su wuce juna ba gaisuwa." Ya juya wajen maigida. "Kada ka yi mata faɗa. Wadda ta shafa wannan tana son ka. Ni tawa ko kallon izgata ba ta taɓa yi ba." Sannan ya miƙo mini ita. "Je ki wanke da ruwan toka. Ina jira."

Ban san yadda na fita ɗakin ba. Tsohuwar ta tace mini toka, na wanke sau uku ina kuka, har fatar yatsuna ta yi fari. Maigida ya wanke tsirkiyar, don ita ma man ya shafe ta. Wanki dai ya yiwu, shanya ce ta gagara. Hadari ya rufe gari, yayyafi ya ƙi tsayawa. Na ce a kai ta kusa da murhu, maigida ya ce wuta za ta ƙanƙance gashin ya kakkarye. Na ce a nemo aro, aka ce mai goge mafi kusa tafiyar yini ce. Na ce to a yanko sabon gashi a wutsiyar dokin wani, ya ce shi ma sai an wanke an shanya. Sai na zauna a ƙofar ɗaki da faifai ina yi wa izga fifita, kamar mai jinya.

Da azahar maigida ya gwada. Gashin da sauran danshi, ƙaro ya ƙi kamawa, gogen ya yi wani ƙugi mara daɗi ya yi shiru. Na ji shi a ciki yana cewa, "Baba, ko in yi maka da baki?"

"Na san bakinka ya iya. Hannun nake son ji. Ina jira."

Tsohon bai kai la'asar ba. Ina cikin fifita na ji tsohuwar ta yi salati, faifan ya faɗi daga hannuna. Kafin magariba an kai shi.

Washegari rana ta fito tun da sassafe, fes, kamar da gayya. Kafin hantsi izgar ta bushe. Maigida ya zauna a kan tabarmar tsohon ya goga mata ƙaro a hankali, ya daɗe yana gogawa, har garin ya tashi. Ya ja sau ɗaya. Gogen ya yi magana, murya garau, har tsohuwar ta leƙo. Sai ya naɗe izgar ya mayar jaka.

Na jira faɗa a hanyar dawowa, na jira a gida, bai zo ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi shi ne, bayan sadakar bakwai ya kira ni ya zaunar da ni, ya nuna mini aikin: yadda ake wanke wajen mariƙi kaɗai in gumin hannu ya ɓata shi, yadda ba a taɓa tsakiyar gashin da yatsa, yadda ake narka ƙaro a kasko a tace shi da tsumma, da yadda ake gane ya isa in an ji izgar tana ɗan riƙe hannu. Daga nan aikin ya zama nawa. Shekara talatin da wani abu ba wanda ya sa wa izgarsa ƙaro sai ni, kuma ba ta ƙara yin shiru ba.

Sau ɗaya na roƙe shi, muna daga ni sai shi a gona, mun tsufa. Na ce, "Maigida, don Allah ka kaɗa mini taken nan na Baba. Ba kowa a nan, ni kaɗai zan ji."

Ya girgiza kai. "Bai ji ba," ya ce.

Na ji shi ya yi kiɗan biki da na suna da na 'yan kasuwa, har na iya gane hannunsa daga bayan katanga uku. Ya rasu shekara tara ke nan, izgar tana nan a ɗakina. Amma taken da na wanke ta dominsa, har yau ban san yadda yake ba.