Ƙwai a Gefen Taya, Daga Baure Zuwa Daura

Mun tashi da asuba daga Daura, ni da Innarmu, ana idar da salla, gari da sauran laimar ruwan da aka kwana ana yi. Suna za mu je wani ƙauye gaba da Baure. Matar ɗan kawuna ce ta haihu, haihuwar fari bayan an daɗe ana jira. Ni ce a sitiyari. Maigidana ya so ya kai mu, aiki ya riƙe shi, sai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon tayoyin motar kamar mai sallamar ɗan da za a kai makarantar kwana.

Bari in ɗan yi muku bayanin motar, don da ita labarin yake tafiya. 'Yar ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa, kuma tana da zafin nama in an taka ta. Ta hannu na saye ta, tayoyinta duk sun suɗe. Da na je canji, mai sayar da taya ya ajiye mini rim iri biyu, wato ƙarfen da ake ɗora tayar a kai: lamba sha biyar irin wanda ta zo da shi, da lamba sha bakwai mai ƙyalli. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Hajiya, ƙaramin tayarsa tana da tsoka, tana shanye rami. Babban kuma tayarsa faɗi gare ta, tana kama kwalta, amma gefenta siriri ne. Kowanne da ranarsa." Maigidana ya nuna ƙaramin. Ni kuwa idona ya riga ya tafi. Tsakanin gida da wurin aikina duk kwalta ce, na ce me zai kai ni rami? Aka ɗaura sha bakwai.

Tun kafin mu bar gari Inna ta fara ƙorafi. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa shiga motar da ake jin tsakuwa a ƙugu ba. Gaskiyarta ce. Da waɗannan tayoyin, ko murfin kwalba ka taka sai ya gaishe ka. Amma hanya ta yi kyau. Gero ya fitar da kai, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, ko'ina kore shar, manoma suna tafe a gefen titi da fartanya a kafaɗa. A Zango muka tsaya muka sayi koko da ƙosai wurin wata dattijuwa. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance har Inna ta tambaye ta ko da cokalin shayi take sakawa. Matar ta ce ai wake ne ya hau jirgi, ita a ƙasa aka bar ta.

Bayan Baure muka sauka daga kwalta muka hau burji, nan motata ta fara nuna ba 'yar ƙauye ba ce. Ruwa ya zaizaye hanyar, wani wurin rairayi, wani wurin kwari. Ina lallaɓawa, cikin motar yana gogar ƙasa, babura suna wuce mu da buhuna da awaki, masu su suna waiwayenmu suna dariya. Haka muka isa da hantsi, an riga an raɗa suna an yanka rago.

Angon ƙarnin, wato ɗan kawun nawa, taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba tsiya. Yana ganin motar ya zagaye ta ya riƙe baki. Ya ce, "Wannan kwaɗon kika hawo tun daga Daura? Ina sauran tayar, ɓera ya cinye?" Na ce masa ya bari ya sayi keke tukuna sannan mu yi magana. Murna ta cika shi, bakinsa ba ya rufuwa. Muka shiga cikin gida, aka kawo waina da miyar taushe, ga fura mai sanyi da nonon da aka kawo daga ruga da safen nan. Na ɗauki jaririyar, tana ta barci, ba ruwanta da hayaniyar da ake yi dominta.

Abin da ya faru, ban sani ba sai bayan azahar. Ashe tun kafin rana ta take, ya je bayan rumbu ɗebo itacen suyar nama, ya sa hannu ƙarƙashin tarin, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Maza suka kashe ta, suka ɓoye zancen don kada maijego ta ji, suka shiga ba shi jiƙe-jiƙe a zaure. Sai da ya tofar da yawu aka ga jini, sannan wansa ya aiko a kira ni.

Na same shi a kan tabarma, hannun ya kumbura har gwiwar hannu, gumi yana keto masa. Ma'aikacin ɗan asibitin ƙauyen yana durƙushe a gefensa, yana kwance tsumman da aka ɗaure masa dantse da shi. Ya ce dafin wannan macijiyar yana tsinka jini ne, allurarsa kuma sai babban asibiti, a tafi Daura yanzu-yanzu. Motar haya ɗaya da ke ƙauyen ta tafi cin kasuwa. Babur kuwa, mutumin da jiri yake ɗiba ba zai iya zama a kai ba. Sai na ga duk idanun zauren sun juyo kaina.

Aka kwantar da kujerar gaba aka sa shi, wansa ya matsu a baya yana tallafe da hannun. Inna ta leƙo ta taga, ba ta ce mini komai ba sai, "Ki riƙe Allah." A gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

Burjin da na bi da safe kamar mai tafiya a kan ƙwai, yanzu gudu nake a kansa. Kowane kwari sai motar ta buga, shi kuma ya yi nishi. Muna dab da fita kwalta na ga wani ɗan ruwa kwance a tsakiyar hanya, na ɗauka ba zurfi. Rami ne mai kaifin baki. Ƙarar da tayar gaba ta dama ta yi, har cikin haƙorana na ji ta. Sitiyari ya fara rawa a hannuna.

Na tsaya muka fita ni da wan. Tayar ba ta fashe ba, amma gefenta ya bullo da wani kumburi kamar ƙwan agwagwa, bakin rim ɗin kuma ya lotsa. Ko ban san mota ba na san ma'anar wannan: zaren cikin tayar ya tsinke, fatar waje kaɗai ta riƙe iskar. Muka buɗe but muka fito da tayar safaya da jak. Wan ya kai sifana zai kwance noti, sai ta ƙi shiga. Sabon rim ɗin notinansa a cikin wasu 'yan ramuka matsattsu suke, sifanar da ta zo da motar ta yi musu kauri. Ya juya ta, ya buga da dutse, ya sake gwadawa. Ko alama. Ranar da aka ɗaura tayoyin da inji aka ɗaure su, ba wanda ya tuna da wannan, har ni.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ƙanwata, yaya za mu yi?"

Mai faci mafi kusa yana cikin Baure, kuma ba tabbas yana da sifanar da za ta shiga. Na leƙa cikin motar. Taubashina ya jingina kai, jini yana bin gefen bakinsa, har wani tsohon ƙurji da ya warke a ƙafarsa ya fara tsattsafowa. Na ce, "Yaya, shiga mu tafi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. In na yi gudu, tayar tana iya fashewa, mota ƙarama a kan gudu ta wuntsila da mu duka. In na tafi a hankali, dafi yana cin mutum a gefena. Duk juyin da tayar za ta yi ina jin ƙwan nan yana bugawa, dum, dum, dum, har na kasa bambance shi da bugun ƙirjina. Mun hau kwalta kenan ruwa ya kece. Abin share gilashi yana ta kai da komo, ba na ganin komai sai farin ruwa da inuwar itatuwa. Wan yana ta salati a bayana. Ni kuwa addu'ar da na sani duk ta gudu, Hasbunallahu kaɗai ta rage a bakina.

Can sai taubashin nawa ya buɗe ido. Da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "In ban kai ba, ki ce wa uwar yarinyar nan ta yafe mini. Ko ɗaukarta ban yi da kyau ba, ina jin kunyar mutane." Na daka masa tsawa na ce ya rufe mini baki, wa zai bar masa kwaɗo ya mutu a ciki. Ya yi ɗan murmushi. Haƙoransa duk ja. Daga nan ban sake kallon gefensa ba.

Tsakanin Baure da Zango, a wata 'yar kwana, amalanken shanu ya fito daga gona ya hau titi. Mai shi ya lulluɓe kai da buhu saboda ruwa, bai ko waiwaya ba. Sai ganin bijimai biyu na yi a gabana, manya, farare. Na taka birki da dukan ƙarfina, na runtse ido ina jiran ɗayan biyu, ko tayar ta tashi ko mu shige ƙarƙashin amalanken. Motar ta yi wata girgiza, ta dafe kwaltar nan mai santsi, ta tsaya cak. Da na buɗe ido, hancin bijimi ɗaya yana huci a kan gilashina. Mai amalanken ya yaye buhun, muka kalli juna. Ya ja shanunsa, na wuce.

Tayar ta kai mu har muka hango Daura. A nan iskar ta fara fita, ba da fashewa ba, a hankali ta inda rim ya lotsa. Motar ta karkata dama, sitiyari ya yi nauyi kamar ana ja da ni. Wan ya ce in tsaya ya nemi mai a-daidaita. Na duba, ruwa ya kore kowa daga titi. Ban tsaya ba. Robar ta yayyage, muka koma tafiya a kan ƙarfe, ƙara tana tashi kamar ana jan kwano a kan siminti, mutanen da suka fake a rumfuna suna nuna mu da hannu. Haka muka shiga ƙofar asibiti.

Ma'aikatan ba su ɓata lokaci ba. Suka ɗauke shi, suka ɗibi jininsa a 'yar kwalba suka ajiye su gani ko zai daskare, bai daskare ba, aka sa masa allurar a cikin ruwa. Ni dai na zauna a kan benci, jikina jiƙe, na kira maigidana, wan ya karɓi wayar ya yi masa bayani. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini ruwa. Sai washegari jinin ya tsaya. Likita ya ce hannun ma zai tsira, amma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza.

Inna ta dawo a motar haya da ƙullin naman suna, ta ce maijego ba ta runtsa ba sai da aka haɗa ta da mijinta a waya. Motata kuwa janta aka yi zuwa gareji. Rim ɗin ya tashi daga aiki.

Da na koma sayen wasu, na daɗe a tsaye. Mutane da yawa sun ce mini ai ga irinta nan, da ƙaramin rim ne da ramin nan bai yi mini komai ba. Wataƙila haka ne. Amma su ba su ga hancin bijimin nan a kan gilashi ba, ni kuma ban san ko siririyar taya za ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta kamar yadda mai faɗin nan ta riƙe ba. Taya ɗaya ce ta kusa kashe mu, ita ce kuma ta tsayar da mu. A ƙarshe lamba sha shida na ɗauka, mai ɗan faɗi da ɗan tsoka, ban kuma bar wurin ba sai da na kwance noti ɗaya da hannuna, da sifanar da za ta zauna a but ɗina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ranar da nake zaɓen taya hanyar ofis kawai na tuna. Na manta ina da dangi a inda kwalta ba ta kai ba, kuma duk mai mota a cikin dangi, wata rana shi ne motar asibitinsu, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Da aka sallame shi ni na mayar da shi gida, hannunsa rataye a wuya. Tun daga bakin ƙauyen mata suka fara guɗa. Bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya wuce ɗakin maijego kai tsaye, a gaban surukansa da kowa, ya zauna a bakin gado ya ce a ɗora masa 'yarsa a cinya. Na bar su a haka na juyo Daura ni kaɗai, a hankali, na iso gida ana kiran magariba.