Shafin da Ban Karanta wa Garba Ba

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar wana, Garba bakanike. A zamaninsa, in babbar mota ta shigo gareji a Gusau, sai ya sa a tada ta, ya dafa tsinin sukuddireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya yi tsit har sai ya ji inda ciwon yake. Yau wata 'yar na'ura ake jona wa mota, ta rubuto damuwarta a fuskar gilashi. A wancan lokacin yawancin shanunmu a jirgin ƙasa suke gangarawa kudu, manyan motoci sun fara karɓe lodin ke nan. Mai bin hanyar Tsafe kuwa ba abin da yake tunani sai ramuka. Yanzu sai ya tambayi waɗanda suka iso ko hanya lafiya kafin ya hau.

Ba kukan zamani ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da tsofaffin direbobi suke yi a kan Garba har yau, cewa gwani ne, amma ya yi ganganci sau ɗaya, ya ɗaura wa mota tobon da ya fi ƙarfinta, abin ya ci shi. Maganar ba haka take ba, ni kuma na san da haka tun ranar farko.

Garba bai taɓa wuce Kaduna ba. Ajami yake karantawa, boko kuwa sai lambobin da ke jikin sifana. Ni ne mai ƙafa a gidanmu. Na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Abijan, na zauna a Sudan, na leƙa Jidda, na tsinci Faransanci da Larabci da Turanci a kan Fulatancin da na tashi da shi. Na ga kanikawa iri-iri. Na Abijan ba sa kwance noti sai sun buɗe littafi. Na Sudan suna iya ƙera abin da babu shi daga tsohon ƙarfe. Amma ban ga mai kunne irin na Garba ba, ko da yake a wancan lokacin ban yarda in faɗa ba.

Ga wanda bai san tobo ba, wata fanka ce mai fuska biyu da ake ɗaura wa injin gas. Hayaƙin da ke fita shi yake juya ta, ita kuma ta riƙa cusa iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Ƙarami yana farkawa da wuri, ya ja mota a hankali tun daga tashi. Babba sai inji ya yi ƙara sosai kafin ya motsa, in ya motsa kuma ƙarfin gaba ɗaya yake zuwa. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin muna jihar Sakkwato, motocin da ke da shi a Gusau ba su da yawa. Tamu, wadda ni da Garba muka mallaka tare, tana cikinsu.

A shekarar ne tobon motar ya fara yoyon baƙin mai. Garba ya kwance shi, ya aika Kano a nemo kayan cikinsa, aka yi ta jira. Ga shi mun riga mun yi wa Buba alkawarin ɗaukar masa shanu. Buba makiyayi ne a dajin Bunguɗu, abokin Garba tun suna yara. Shekarun fari sun cinye masa garke, cikin abin da ya tsira da shi yake so ya kai bijimai kudu ya sayar kafin Babbar Sallah, ya dawo ya sayi karsana a madadinsu. Ana cikin haka na iso daga Kwatano, da wani babban tobo na hannu a cikin buhu, har da ɗan littafinsa na Faransanci.

Garba ya ɗaga shi da hannu biyu, ya juya, ya kalli motar.

"Umaru, rawanin wa ka sato mata? Wanga ai ya fi kanta girma."

Haruna direbanmu yana zaune a kan taya, ya ce, "Malam Garba, ɗaura mata don Allah. Motocin Funtuwa sun gama raina ni a hanya. So nike in wuce su tana busa."

"Kai busa ta dame ka. Can inda Umaru ya gano, siminti da rodi suke ɗauka. Mu kayanmu ƙafa huɗu gare su, kuma tsaye suke tafiya."

Aka yi dariya. Sai ya miƙo mini littafin da baƙin hannunsa, ya ce, "To malamin harsuna, mi takardar ta ce?"

Na karanta masa shafin farko, inda ake yabon ƙarfinsa a doguwar hanya da sauƙin shan mai. Na juya. A shafi na gaba akwai jerin injinan da aka yi shi dominsu, duk sun fi namu girma. A ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa in aka sa shi a ƙaramin inji, mota za ta yi sanyi wajen tashi, sannan ƙarfin ya zo mata da fizga. Na gani, na gane kowace kalma. Na wuce zuwa shafin da ke nuna yadda ake ɗaurawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To, kai ka san bakinsu."

Na yi shekaru ina tambayar kaina dalili. Na gaya wa kaina cewa masu rubuta irin waɗannan littattafai tsoro ya yi musu yawa, kuma Sallah ta matso. Gaskiyar ta fi haka ƙanƙanta. Duk yawon da na yi, da na shigo garejin nan ƙane nake komawa, mai miƙo sifana. Na so ko sau ɗaya a ce abin da Umaru ya kawo ne ya fitar da mu.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Ya sa mai walda ya yanka farantin ƙarfe da zai haɗa bakin tobon da na injin, ya sake lanƙwasa bututai, ya ƙara wa injin mai kaɗan. Muka gwada ta ba kaya har mararrabar Mada, tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Haruna sai waƙa yake yi. Da muka dawo Garba ya ce ba ya yabon mota tana wofi, zai bi mu har Funtuwa ya ji ta da kaya.

Da sassafe muka yi lodi a Bunguɗu. Aka zuba yashi a ƙasan bodi don kada kofato ya zame, aka ɗaure ƙahon kowane sa a jikin ƙarfen sama. Buba yana bi yana shafa su, yana kiran kowanne da sunansa, sannan ya hau saman bodi ya zauna. Mu uku muka shiga gaba.

Da hantsi muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Kafin Tsafe ana gyaran wata kwalbati, an karkatar da motoci su gangara cikin busasshen rafi su haura. Haruna ya sauka a hankali yadda ya kamata. Da ya zo haurawa ya taka totur, motar ta yi luƙus, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kamar za ta mutu a tsakiyar gangaren. Ya sauke giya, ya danne totur har ƙasa. Sai muka ji busar nan da yake so, motar ta yi wani irin zillo. A bayanmu muka ji ƙarar kofatai a jikin katako, da ihun Buba.

Bijimai biyu ne suka faɗi. Ɗaya ya rataye da igiyar ƙahonsa, wuyansa a murɗe. Duk mai lodin shanu ya san wanda ya faɗi in ba a tada shi nan take ba, 'yan'uwansa za su tattake shi. Kafin Buba ya sauko daga sama, Garba ya riga ya haura ya dira tsakaninsu da wuƙa a hannu. Ya yanke igiyar. Bijimin ya yunƙura ya miƙe, ya matse shi da jikin bodi. Abin bai daɗe ba ko kaɗan.

Da kansa ya sauko. Ya zauna a inuwar wata ɗorawa, yana numfashi da ƙyar. Haruna ya durƙusa a gabansa yana kuka, Garba ya ce, "Tashi, ba laifinka ba ne. Ni na ɗaura." Ina tsaye, littafin yana cikin aljihun rigata.

Wata motar auduga ce ta mai da mu asibitin Gusau. Haƙarƙarinsa sun karye, jini ya taru a ciki. Kwana uku ya yi. Masu dubiya suna shigowa, yana ce musu kunnensa ya gaya masa, shi ne bai saurara ba. Ni kuma ina gefen gado ina jira ya tambaye ni abin da ke cikin takardar, na yi niyyar in ya tambaya zan faɗa. Bai tambaya ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Umaru, in kayan Kano sun zo, a mai da mata nata." Ko ya sani ya rufa mini asiri, ko bai sani ba, har yau ban iya yankewa ba. Ya cika bayan azahar a rana ta huɗu.

Buba ya rasa bijimai biyu a tafiyar, ɗaya a bakin rafin aka yanka shi. Ya zo ta'aziyya a ƙafa, bai ambaci shanu ba. Ya kama hannuna ya ce mini da Fulatanci Garba ya shiga inda shi ya kamata ya shiga. Kowa ya ɗauki wani yanki na laifin ya aza wa kansa, ban da wanda yake da shi. Maganar ganganci ta fara yawo a tasha, na ji ta da kunnena, ban gyara ba. Kafin shekara ta zagayo na sayar da motar na koma Jidda.

Na ci abinci da tafinta shekaru masu yawa bayan haka, tsakanin alhazai da likitoci, tsakanin 'yan kasuwa da masu jiragen ruwa. An sha ce mini na cika tsawaita magana, domin ko gaisuwar da ke ƙasan takarda sai na fassara. Ba wanda ya san dalili.

Nakan yi tunanin abin da Garba zai ce da ya ga yau. Canza tobo ya zama ruwan dare, ana sayar da na hannu iri-iri a kasuwar kayan mota, kanikawa suna kallon yadda ake yi a wayoyinsu. Ba na jin zai ƙi na'urar da ake jonawa, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne, sai dai zai sa kunne ya gani ko ta faɗi gaskiya. Kwanaki na tsaya a wani gareji a Gusau, na ji mai tirela yana neman a sa masa babba. Bakaniken, wanda bai kai shekara arba'in ba, ya ce masa, "Alhaji, mi take ɗauka, kuma wace hanya take bi?" Sai da na nemi benci na zauna. Bai taɓa jin sunan Garba ba, amma tambayarsa ce. A ƙasashen da na je, kamfani ne yake yi maka wannan tambayar a rubuce. A nan mutum ne yake yin ta, kuma dole ya dogara ga wanda zai karanta masa.

Watan jiya na je 'Yandoto wurin Rabi, 'yar Garba. Tana da shekara biyu ya rasu, yanzu ita ma tana da jikoki. Na same ta tana tsince wake a faifai, na gaya mata komai, har shafin. Ba ta ɗaga kai ba sai da na gama.

"Baba Umaru, tun ina ƙarama nike jin an ce babana ya yi ganganci. Haka na gaya ma ɗiyana."

Na ce na sani.

"To ba ni kaɗai za ka gaya mawa ba. A tasha aka faɗa, can za ka kai ta."

Na roƙe ta gafara. Ta ce nata ta yafe, amma na Inna, mahaifiyarmu, da na tata mahaifiyar ba a hannunta yake ba.

Shi ya sa na je tasha na faɗa wa 'yan tsofaffin da suka rage, shi ya sa kuma na rubuta wannan. Garba ya ga hatsarin da idonsa, ya faɗe shi da bakinsa, ya nemi a karanta masa, ƙanensa ya tsallake shafi. Abin da ya rage nasa na kansa shi ne ya yarda da ɗan'uwansa, kuma ya dira tsakanin ƙahoni saboda shanun da ba nasa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya yafe mini.

Inna da matar Garba sun shiga kabari da labarin da ba shi ne ba, wannan kam ba zai gyaru ba. Amma jikokin Garba yanzu sun san kakansu bai yi ganganci ba, kuma sun san wanda ya yi.